Garin da Manhaja Ba Ta Sani Ba

Mansura 'yar marigayi Isufu tana koyar da aikin odinatar, wato kwamfuta, a wata lakkwal, makarantar boko ta kuɗi, cikin garin Dakoro. Saboda haka da danginsu suka yanke shawarar tattara sunayen zuriya wuri guda, ba a yi dogon tunani ba aka ɗora mata aikin. Dangin sun warwatsu: wasu na Maraɗi, wasu Kano, wasu Agadas, akwai ma waɗanda suka tafi aikin hajji suka zaune a Jidda. Yara sun fara haɗuwa a tasha ba su san juna ba.

Ƙanen mahaifinta, Alhaji Abdurrazak, shi ya ɗauki nauyin komai. Babban ɗan kasuwar hatsi ne, motocinsa na kai da kawo tsakanin Maraɗi da Najeriya. Ya sayo sabuwar odinatar, ya sa aka buɗe wa dangi shafi a wata manhaja ta rubuta zuriya, ya miƙa wa Mansura.

Sunayen mutane ba su ba ta wahala ba. Sunayen garuruwa ne suka kusa sa mata hawan jini. Kowa ya aiko da hoton takardar haihuwarsa, kuma kowane akawun meri, ofishin magajin gari, da irin rubutunsa. Ɗan Gulbi kaɗai ya fito da fuska iri-iri: wani ya rubuta Dan Goulbi, wani Dangoulbi a haɗe, wani Dan-Gulbi, manhajar kuma ta ɗauke su garuruwa dabam-dabam. Tagriss ma haka. Sai ta zauna kullum bayan la'asar tana tsintar su kamar mai tsintar tsakuwa cikin wake, tana haɗe kowane gari ƙarƙashin suna ɗaya. Aikin ya yi mata daɗi. Duk garin da ta gyara, manhajar sai ta dasa masa 'yar alama a taswira.

Har ta iso kan garinsu na asali.

Ba Mu Komawa ƙaramin ƙauye ne arewa da Dakoro, a gefen hanyar Azagor. Can aka haifi mahaifinta, da Alhaji, da duk manyan gidan. A takardu an rubuta shi Bamoukomaoua, an rubuta Bamou Komawa, wani akawu mai gaggawa ma ya tsaya a Bamouko. Ta haɗe su, ta rubuta sunan yadda ake faɗinsa. Manhajar ta ja masa jan layi, ta ce ba ta san wannan wuri ba, ta ba da shawara a sa Dakoro.

Sunan yana da tushe, kuma babu wanda bai san shi ba a gidan, sai dai ba a cika faɗi gaban baƙi ba. Kakan mahaifinta, Yakubu, bawa ne a hannun wasu masu raƙuma can arewa. Wata shekara shi da matarsa da wasu 'yan gidaje suka sulale suka yi kudu a ƙafa, suka tsaya inda suka ga ƙasa da danshi, suka haƙa rijiya. Da masu su suka biyo sawu a kan raƙuma, su Yakubu ba su gudu ba. Suka zauna bakin rijiyar, maza da mata, suka ce ko kashe su za a yi, ba su komawa. Maganar ta zama sunan gari.

Mansura ta bar jan layin yadda yake, ta ci gaba da aikinta.

Ranar wata Asabar da hantsi Alhaji ya biyo ta gida don ya ga inda aka kwana. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta buɗe odinatar. Ya yi ta murmushi yana ganin sunaye sun yi rassa, har idonsa ya kai ga jan layin.

"Wanga fa mi ne ne, ɗiyata?"

"Garinmu ne, Baba. Manhajar ba ta san shi ba."

"To mi ta ce a sa?"

"Dakoro."

"Ai ta yi gaskiya. Ba ƙasar Dakoro ba ce? Ki sa Dakoro, aiki ya fita tsaf."

"Baba, ba a Dakoro aka haife ku ba."

Ya gyara zaman hularsa. Sannan ya fito mata da abin da ke cikinsa. Ɗansa Sadiƙu yana neman wata yarinya a Maraɗi, 'yar gidan malamai, mutane masu ji da asali. Sun ce a ba su lokaci su yi bincike. Alhaji yana so in an gama aikin a buga shi a babbar takarda a kai musu.

"Duk wanda ya ji Ba Mu Komawa sai ya tambaya, komawa ina? Ke yarinya ce, kin tashi an riga an share miki hanya. Ni na san abin da na ji a bakin yara sa'ad da aka kawo ni lakkwal garin nan. Na san abin da wani ya faɗa mini tsakiyar kasuwa don na taya hatsin da ya taya. Ban so ɗiyana su ji shi."

Tausayinsa ya kama ta, don ba ta taɓa jin muryarsa ta yi rauni haka ba. Amma ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Komi ka sa ni zan yi. Wannan dai hannuna ba ya yinsa."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Kakanninmu ba abin kunya suka yi ba. Wanda ya kamata ya ji kunya, shi ne wanda ya biyo su da raƙumi."

Alhaji ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. "Odinatar dai tawa ce," in ji shi. Ya naɗe ta da wayar cajinta, ya sa a hammata ya fita, ko ruwan bai sha ba.

Bayan kwana kaɗan ta buɗe shafin dangi a wayarta. Ta tarar an hana ta gyara komai, sai kallo. Alhaji ya ba wani mai shagon odinatar a Maraɗi aikin, shi kuwa ya danna maɓalli ɗaya ya karɓi duk shawarwarin manhajar. Jan layi ya ɓace. Ta nemo sunan mahaifinta: Isufu Sha'ibu, an haife shi a Dakoro. Ta daɗe tana kallon rubutun. Mutumin da har ya bar duniya, in ya tashi rantsuwa cewa yake, "Na rantse da Wanda ya ba mu ruwa a rijiyar Yakubu."

Ba ta yi kuka ba. Ta nemi izini a lakkwal, ta hau motar 'yan kasuwa mai zuwa Azagor, ta sauka a mararraba, ɗan kabukabu ya ƙarasa da ita cikin rairayi. Lokacin kaka ne, ana ta yankan gero, dammuna jingine a bakin kowane rumbu.

Gwaggo Kyauta, yayar mahaifinta, tana zaune gindin aduwa tana ɓarar gujiya. Tsohuwa ce mai kaifin baki, ba ta taɓa yarda ta koma birni ba. Mansura ta kwashe labari ta faɗa mata, tana jiran ta ga ranta ya ɓaci.

Gwaggo ta yi dariya har da tari. "To in ƙarfen nan bai san mu ba, sai rijiya ta ƙafe? Ke ma da neman wahala."

"Gwaggo, jikokin da ke Jidda ba su san rijiya ba. Abin da ke cikin ƙarfen nan shi za su karanta."

Tsohuwar ta daina ɓara. "Wato za su ce mu 'yan Dakoro ne tun fil azal."

"Haka za su ce."

"Abdurrazak, Abdurrazak," in ji Gwaggo tana girgiza kai. "Ni na goye shi a garin ga. Tashi mu je."

Ta ja ta har bakin rijiyar. An ɗaure ta da siminti yanzu, amma itatuwan da ke bakinta duk igiyar guga ta yi musu zane mai zurfi. Mansura ta tsaya daidai wurin, ta ɗaga wayarta sama har ta kama sabis, ta ɗauki lambobin da ke nuna inda wuri yake a doron ƙasa. Akwai taswirar da kowa ke iya ƙara wuri a cikinta in ya kawo shaida, kuma daga can manhajar ke ɗibar sunayen garuruwa. Ta ɗauki hoton rijiya, da masallaci, da 'yar lakkwal mai ajin zana.

Sai rigimar rubutu ta tashi. Malamin lakkwal ɗin, wanda ake kira Mushe Halidu yadda ake kiran malaman boko a can, ya ce a rubuta Bamoukomaoua, don haka yake a takardun hukuma, kuma duk mai neman su da wasiƙa da shi zai neme su. Mai gari ya ce shi dai a rubuta abin da in an karanta zai ji sunan garinsa. Aka karanta masa na mushe, ya ce wannan ya yi kama da sunan maganin tari. Mutane suka fashe da dariya, mushe ma ya dara. Mansura ta ce ga yadda za a yi: babban suna Ba Mu Komawa, kalma uku a rabe, sauran rubuce-rubucen kuma a jera su ƙarƙashinsa, duk wanda mutum ya nema ya kawo shi nan. Aka watse a kan haka.

Ta koma Dakoro ta aika. Masu duba taswirar suka dawo mata da tambayoyi, ta amsa, suka sake tambaya, ta sake amsawa. Kafin a gama sussukar gero sunan ya fito, ɗan ɗigo tsakanin rairayi. Ta ari tsohuwar odinatar ta lakkwal, ta buɗe sabon shafi da sunanta, ta fara aikin daga farko. Ta rubuta Yakubu a sama. Da ta zo kan mahaifinta ta rubuta garin, manhajar ta karɓa ba jan layi. Ta aika wa dangi duka ta waya, ta ce ga wani shafi, duk mai so ya shiga.

Ana cikin haka mutanen Maraɗi suka aiko wa Alhaji cewa a yi haƙuri, Allah bai yi ba. Ba su ko buɗe babbar takardar da ya kai musu ba. Sun aiki wani dattijo ya zauna a kasuwar dabbobi ta Dakoro ya yi tambaya, ya koma musu da labarin asalin gidan. Amma Alhaji ya ɗora wa Mansura laifin. Ya tara manyan gida a zaurensa, ya sa aka kira ta.

"Ki goge abin da kika sa," in ji shi. "Ki cire shi daga taswirar, ki rufe shafin. Kin tona mu a idon duniya."

Tana durƙushe ta amsa. "Baba, garin yana nan tun kafin a haife ni. Ni ban gina shi ba, suna kawai na rubuta. Ban gogewa."

Wani dattijo ya ce ta bi maganar babba, ko ba komai ubanta ne. Wani kuma, Baba Rashidu, ya ce, "Ni dai can aka yanke mini cibi. In na mutu kada a rubuta mini wani gari." Zauren ya kaure, kowa na magana ba mai sauraro. Mansura ta miƙe, ta ce a tashi lafiya, ta sa takalmanta ta fita.

Abin bai zo mata da sauƙi ba. Alhaji ya daina amsa gaisuwarta. Da aka yi suna a gidansa ba a aiko mata da goro ba. Wasu matan dangi in sun gan ta a kasuwa sai su kau da kai. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Sadiƙu, wanda tare suka tashi, kuma ta san yana son yarinyar nan da gaske. Ta kira shi, bai ɗauka ba.

Shafuka biyu suka ci gaba da zama, na Alhaji da nata. Mutanen Agadas suka shigo nata gaba ɗaya. Na Kano suka rabu. Wata yarinya daga Jidda, wadda Hausarta ta cakuɗe da Larabci, ta aiko da murya tana tambaya ko da gaske ne kakanninta sun zauna bakin rijiya sun ƙi tashi. Mansura ta sa aka kai wa Gwaggo Kyauta waya, ta ba ta amsa da bakinta, ta haɗa mata da faɗan me ya sa ba ta taɓa zuwa ba.

Bayan sallar layya, tana cikin aji tana nuna wa ɗalibai yadda ake adana aiki, saƙo ya shigo wayarta. Daga Sadiƙu ne. Babu sallama, babu gaisuwa. Sunansa kawai, da ranar haihuwarsa, da sunan mahaifiyarsa, sai a ƙasa: "Ki sa ni. Kada ki faɗa wa Baba tukuna."

Da aka tashi ta zauna ta shigar da shi. Manhajar ta nemi sunan uba, ta rubuta Abdurrazak Sha'ibu. Ta nemi inda aka haifi uban. Mansura ta rubuta gaskiya, ta adana, ta rufe aji ta tafi gida.