Gahawar Acil Salbiah

Mahyuni ya sake cin birki a tsakiyar hawan dutsen, ya waiga baya.

"Yanzu kuma mene ne?" in ji Jumberi, abokin aikinsa a garejin babura. Waƙa na tashi daga wayar da ya maƙala a jakarsa, ta cika dajin. "Fitsari ne, ko ƙafafun ne suka yi yaji?"

"Ban taɓa gahawar nan ba."

Jumberi ya ƙura masa ido, sai ya fashe da dariya.

A ƙauyen ƙarshe da ke gindin tsaunukan Meratus suka ajiye babur da safe, a gidan Acil Salbiah, ƙanwar mahaifiyar Jumberi. Ta fito musu da gahawa da shinkafar da aka dafa cikin gora. Jumberi ya zauna ya cika ciki. Mahyuni kuwa ya kasa zama. Mako guda yana shaƙar hayaƙin inji, ba abin da yake so irin ya ga kansa ƙarƙashin ruwan da ke zubowa daga dutse. Yana tsaye yana danna waya ya ce, "Sai mun dawo, Acil." Har bakin hanya ta biyo su tana cewa, "Beyar, dabbar nan mai farata da ke shan zuma, ta haihu a can sama. Ku riƙa surutu, kada ku rabu. Ba ta son a faɗo mata ba sallama."

Sai yanzu batun gahawar ya dawo masa. A yankinsu ko yaron goye ya san cewa in an ajiye maka abinci ba ka ci ba, sai ka taɓa shi da yatsa ka shafa a wuya kafin ka fita. Wanda ya tsallake wannan, tsautsayi na biye da shi. Haka aka ce ya faru da kawunsa, ya bar shayi a tabarma ya faɗo daga bishiyar kwakwa.

"Kai da ke kwance inji ido rufe, kofi ke kaɗa maka hanji?" in ji Jumberi. "Taho mu tafi, sarkin tsoro."

Suka ci gaba. Mahyuni na tafiya, zuciyarsa na can kan tabarmar. Ba su yi nisa ba suka tarar da wata bishiya an farke cikinta kamar da gatari, ƙudan zuma na ta shawagi, zumar ba ta ma bushe ba. Sawun farata huɗu ya sauko a jikin ɓawon. Jumberi ya ƙara ƙarar waƙarsa.

"Ka gani ko?" Mahyuni ya ce. "Ni take jira. Zan koma in taɓa in dawo."

"Ba ka da hankali? Acil cewa ta yi kada mu rabu!"

"Kai ai ka sha taka. Zauna nan."

Ya juya da gudu. Takalman roba a kan jiƙaƙƙen ganye ba sa ƙara. Waƙar Jumberi ta yi ta ƙanƙancewa a bayansa har ta ɓace, ya rage daga shi sai numfashinsa.

A wata kwana, bayan kurmin gora, ya kusa taka wani baƙin abu kamar ɗan kwikwiyo. Abin ya yi ƙara. Sai haushi ya tashi daga gefe, irin na kare amma mai kauri, uwarsa beyar ta miƙe tsaye. Ba ta kai shi tsawo ba. Ya ga rawayan tabo a ƙirjinta, ya ga faratan. Ya tura mata jakarsa, ta yage ta kamar takarda, mari na biyu ya sauka a damtsensa. Ƙafarsa ta zame, ya gangara cikin rafi yana ihu. Da ya ɗago, sai motsin gora kawai. Ta kwashi ɗanta ta tafi.

Jumberi ya iso yana haki, waƙar na nan tana yi. Bai yi masa tsiya ba. Ya cire rigarsa ya ɗaure hannun, ya tallafe shi suka sauka.

Acil Salbiah na ganinsu ta saki tsintsiya. "Innalillahi! Ban ce kada ku rabu ba?" Ta ƙwala wa maƙwabta kira a tayar da babur zuwa asibiti, ta jawo ruwan ɗumi.

"Acil, gahawar," Mahyuni ya ce. "Kawo in taɓa kafin a tafi da ni."

"Wace gahawa?"

"Ta safe. Na fita ban taɓa ba. Ita na dawo taɓawa."

Ta tsaya da tsumma a hannu tana kallonsa.

"Ɗan nan, ai ka taɓa. Kana danna wayarka ka sa yatsa a bakin kofin ka shafa a wuya. Da idona na gani. Kana tsammani zan bar ka ka fita gidana haka nan?"

Mahyuni ya dubi Jumberi. Jumberi ya sunkuyar da kai, ya laluba jakarsa ya kashe waƙar.

A waje babur ya tashi. Acil ta shiga ciki da sauri, ta fito da sabon kofi yana tururi, ta miƙo masa.

"Ungo. Hanyar asibiti da nisa."

Ya dubi kofin jim kaɗan. Sannan ya karɓa da hannunsa mai lafiya, ya shanye har ƙasa, yana ƙona masa harshe.