Yaɓen Katangar Adama

Ƙadangaren ya fi kowa zuwa kallo. Kullum da hantsi sai ya hau katangar tsakar gida ya tsaya yana gyaɗa kai, Adama kuma tana tsoma buroshi a shuni tana jan ɗan layi mai tsawon gaɓar yatsa. Ta ja numfashi, ta ja layi. Ta sauke numfashi, ta ja wani kusa da shi. In ta kai ƙarshen katangar sai ta dawo farko, ta fara sabon jeri a ƙarƙashin na jiya.

Babu mutum a zanen, babu tsuntsu, babu harafi ko ɗaya. Layuka ne kawai, dubbai, shuɗi a kan farar ƙasa. Amma wanda ya tsaya daga bakin zaure zai ga kamar katangar tana motsi, irin motsin gonar gero idan iska ta ratsa ta.

Adama ta karanta zane a jami'a a Samaru, ta kuma koyar da shi shekara goma sha biyu. Mijinta Yahaya ya rasu a hatsarin mota. Da ta fita takaba ta dawo gidan mahaifinta a Kusfa, sai hankalinta ya ƙi zama wuri ɗaya. Ko carbi ta ɗauka, kafin ta kai rabi ta tsinci kanta a hanyar Kaduna, tana kallon motar a kife. Wata safiya ta ja layi ɗaya a katanga da ragowar shuni, ta lura cewa tsawon jan layin nan ba ta tuna komai ba. Sai ta ja na biyu. Wata bakwai ke nan.

Ran nan yayanta Alhaji Jumare, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya shigo ya tsaya a bayanta.

"Adama, kin san abin da ake faɗa a ƙofar masallaci?"

"Ban je ba, Yaya."

"Cewa ake yi hatimi kike zanawa. Wai asirin kiran miji ne. Matar maƙwabcinmu Nasrullahi ta ce tun da ta leƙo ta gani take ciwon kai."

"Matar Nasrullahi tun ranar aurenta take ciwon kai."

"Ba wasa nake yi ba. Gidan malamai ne nan. Shekara arba'in mahaifinmu yana ba da karatu a zauren can."

Ta miƙa masa hannu wajen katangar. "To bismilla, karanta. In ka sami baƙi ɗaya ko lamba ɗaya, ni da kaina zan goge."

Jumare ya matso ya duba. Idonsa ya bi jeri ɗaya har ƙarshe, ya dawo ya bi na biyu. Ya daɗe fiye da yadda ya yi niyya, sannan ya girgiza kai kamar wanda aka tasa daga gyangyaɗi.

"Ki yi a ƙyalle kamar yadda kuke yi a makaranta, ki naɗe ki ajiye a ɗaki."

"Ƙyalle ya yi mini kaɗan."

"To damina ta kusa. Ranar Asabar Baba Garba zai zo yaɓe, kuma da wannan katangar zai fara."

"In aka rufe zan sake."

"Da me?" Ya sunkuya ya ɗauki tukunyar shunin, ya fita da ita.

Baba Garba magini ne, shi yake yi wa gidan yaɓe tun Adama tana rarrafe. Ya iso da sassafe ranar Asabar, bayan an kwana uku ana kwaɓa jar ƙasa da makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da ke hana ruwan sama cin gini. Jumare ya nuna masa katangar, ya wuce ɗaurin aure Tudun Wada.

Adama ta zo ta jingina bayanta da zanen, ta harɗe hannu.

"Baba, sai dai ka yaɓe har da ni."

"Ƙasar ba za ta isa ba, 'yar Malam. Matsa in ga abin da zan binne."

Ta matsa kaɗan. Tsohon ya kai fuskarsa dab da katangar, yana bin jeri da yatsa ba tare da ya taɓa ba.

"A nan sama hannunki rawa yake yi," in ji shi. Ya sauko kaɗan. "Nan kin yi kwanaki ba ki fito ba, shunin ya canza. Nan kuma kin fara cin abinci."

"Wa ya gaya maka?"

"Shekara hamsin ina jan yatsa a laka. Ranar da na binne Batul, uwar 'ya'yana, washegari na yi wata katanga a Ƙofar Doka. Tana nan har yau. Ki je ki duba, rabin sama a karkace yake, rabin ƙasa ya miƙe."

Adama ta ce, "To kar ka rufe, Baba."

"Zan rufe. Alhaji ya sa ni. Ko ban rufe ba, ruwan farko zai wanke miki shi tas. Dubi tsagar nan."

Ya dunƙula ƙasa ya watsa. Tana tsaye tana kallo watan farko ya ɓace, na biyu ya bi shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma koma ɗaki ba. Da ya shafe kamar kamu uku ya daidaita da tafin hannu, sai ya dafe kafaɗa.

"Wash! Kin san ba a barin yaɓe sumul. Sai an ja masa yatsa, ruwa ya sami hanyar gangarowa. Ni kafaɗar nan ta ƙi ni yau. Zo ki taya tsoho."

Ta dube shi. Shi kuwa ya mai da hankalinsa kan ƙasar da yake dunƙulawa. Ta zare awarwaronta ta ajiye a kan turmi, ta luma yatsa a lakar. Sanyi ta ji har gwiwar hannu. Ta ja numfashi, ta ja layi.

Haka suka yi ta yi, yana shafewa tana bin bayansa.

Bayan la'asar Jumare ya dawo, ya yi turus a bakin zaure. Shuɗin ya tafi. Amma daga wannan kusurwa zuwa waccan, dubban 'yan layuka sun nutse cikin jar ƙasa, kowanne riƙe da 'yar inuwarsa. Katangar ta fi ta da motsi.

"Baba Garba, mene ne wannan?"

"Yaɓe, Alhaji."

"Ai wannan shi ne na da!"

"Na da shuni ne. Wannan jan yatsa ne, irin wanda ke bayan gidan Liman. Ka je ka ce masa hatimi ne a gidansa, ina nan ina jiran amsa."

"A shafe shi."

"Saman ya riga ya kama. Makuba in ta kama sai diga. In ka sa diga kuwa, to ga hadari can yana haɗowa a gabas."

Jumare ya juya wajen ƙanwarsa. Tana tsugune a gindin katangar tana ƙarasa jerin ƙarshe, laka har gwiwar hannunta.

"Adama!"

Sai da ta sauke numfashi ta ja layin, sannan ta amsa ba tare da ta juyo ba. "Na'am, Yaya. Baba ya ce katangar waje ma ta tsage, ta bakin titi. Gobe za mu fara."

Jumare ya buɗe baki, sai aka yi wata doguwar tsawa daga nesa. Ya rufe. Idonsa ya sake kama jeri ɗaya, ya bi shi a hankali har ƙarshe.

Ƙadangaren ya sauko ta inda lakar ba ta bushe ba, ya ratsa jeri uku da gudu, ya bar sawunsa a karkace. Baba Garba ya miƙa hannu zai shafe.

"Bar shi, Baba," in ji Adama.