Tulun Ƙarshe na Iya Edna

Wajen sha ɗaya na safe, rana ta leƙo bayan yayyafi, sai na ji kukan injin yanke ciyawa a bayan gidan Iya Edna, maƙwabciyarmu. Na tsallaka shinge da bokitina. Clive ne, ɗanta da ya zo daga Landan da ya ji jikinta ya tsananta, yana aske furannin dandeliyon, rawayen nan da ke tsirowa cikin ciyawa, kamar sun zage shi.

"Yallaɓai, yau fa ranar Waliyyi George ce," na ce. "Yau ake tsinkar su don yin giya, da tsakar rana, lokacin da suka buɗe."

"Ciyawar banza ce, Lenny. Wa zai sayi gida a haka?"

Mai gidan kuwa tana sama, da ranta.

Na gangara filin bayan coci na cika bokitin, na kai mata har bakin gado. Duk ta rame, amma bakin yana nan. Ta tona da yatsa.

"Ai ka bar kore a jiki, sakarai. Ɗaci kake so ta yi? Rawayan kawai."

Na zauna ina fige su. Clive ya tsaya a ƙofa yana toshe hanci.

"Mama, har yanzu wannan fitsarin kyanwar?"

"Ka taɓa ɗanɗanawa ne?" ta ce. "Kai da ubanka, sai abin da aka liƙa wa takarda a kanti."

Da ya sauka ta kama hannuna. "Wannan ta Clive ce. Ya sha a Kirsimeti, ko da kurɓi ɗaya ne. Ka ji?"

Na jiƙa furen da ruwan zafi, na zuba sukari da lemo da tuffar lambunta, na sa yis. Da ta fara kumfa na tace cikin tulun gilashi, na kafa ɗan bututun nan mai fitar da iska, na ajiye mata kusa da gado. Ta ce ƙarar ɓul-ɓul ɗin ta fi mata surutun Fiona, matar Clive. Tana sauraronta ta cika, ranar wata Talata.

Bayan jana'iza aka sha giyar kanti. Fiona tana ta gaya wa mutane tsohuwar "mai son gargajiya" ce, tana murmushi kamar mai ba da haƙuri. Na faɗa wa Clive saƙon uwarsa. Ya ce, "To, to," idonsa a kan waya.

Tulun dai ya shiga mota, don Fiona ta ce zai yi kyau da fitila a ciki. Ta zare bututun ta yar a kwandon shara, ta danna toshiya da ƙarfi, ta kwantar da shi kan farar rigarta ta sanyi. Ko ɗan yaye a layinmu ya san giya mai rai ba a toshe ta. Kafin su hau babban titi zai fashe. Gaskiya na ɗan tsaya ina kallon rigar.

Suna cikin gida suna gardama kan labule na ciro bututun, na wanke a famfo, na mayar. Na tayar da tulun tsaye, na tokare shi da tsohuwar suwaitata.

Suka fito suka shiga mota, ba wanda ya waiwayo. Motar na juyawa a kwana, ta gilashin baya na hango kumfa ɗaya ta hau bututun.