Madubin Tirelar Mu'azu

"Ka gani ko? Ta sake yi," in ji Mu'azu. "Da na shiga kwana sai ta riƙe. Kafin ta sake ni, na riga na hau ƙarfen gefen titi."

Murtala ya jawo kujerar roba ya zauna kusa da keken guragun, ya zuba wa allon kwamfutar ido. Wata jar tirela ce a karkace a bakin wani titi na ƙasar Turawa, kanta a daji, gindinta a kwalta. A kusurwar allon akwai wasu ƙananan lambobi masu nuna hoto nawa kwamfutar ke iya zanawa cikin daƙiƙa ɗaya. Firam ake ce musu. Sha huɗu suke nunawa, su hau sha bakwai, su faɗo sha ɗaya.

"Ai dole ta riƙe, Direba," in ji Murtala. "In bai kai talatin ba, ba tuƙi kake yi ba, tura kura kake yi."

Mu'azu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin Mu'azu da shagon da Murtala ke gyaran kwamfuta a Gyaɗi-Gyaɗi. Shekara sha tara Mu'azu ya yi yana jan tirela tsakanin Kano da Legas, kuma motar ta yayansa ce, Alhaji Inuwa, mai gidan bene a Tarauni. Shekara biyu da suka wuce birki ya ƙwace masa a wani gangare bayan Lokoja. Aka dawo da shi da karyayyen ƙashin baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin ko tsinin allura. Wata shida ya yi yana kallon rufin kwano ba ya magana da kowa, har ranar da Murtala ya harhaɗa wata tsohuwar kwamfuta daga tarkacen shago, ya samo sitiyarin roba na hannu a kasuwar Fam Santa, ya sa masa gem, wato wasan kwamfuta, na tuƙin tirela. Da yake ƙafar ba ta motsi, sai ya mayar masa da totur da birki kan maɓallan jikin sitiyarin. Tun daga ranar, a cikin gem ɗin, Mu'azu yake lodi da safe, ya sauke kaya da la'asar.

Amma zafin bana ya fi ƙarfin kwamfutar. Fankarta sai kuka take yi kamar injin markaɗe. Murtala ya riga ya buɗe ta ya hure ƙura, ya sake mata man da ake shafawa don rage zafi, duk a banza. Saura rage kaya.

Ya shiga setin, inda ake daidaita hoton gem ɗin. Ya sauke inuwa zuwa mafi ƙanƙanta, lambar ta hau sha tara. Ya cire ciyawar gefen titi, ya rage nisan da ake hangowa, ya kashe ƙyallin da kwalta ke yi in an yi ruwa. Ashirin da biyu. Ya rage kaifin hoton gaba ɗaya, har rubutun allunan hanya ya fara dusashewa. Ashirin da biyar.

"Saura abu ɗaya," in ji Murtala. "Madubi."

"Kar ka taɓa min madubi."

"Direba, madubin nan biyu su ke cinye ƙarfinta. Kowanne sai ta sake zana titin daga farko. Aiki uku take yi a lokaci guda."

"Injiniya, mota mai taya sha takwas ce. Ta ina zan ga bayana? Shekara sha tara ban taɓa shiga kwana ban duba madubi ba."

"To zaɓi, ko madubi ko tafiya sumul."

Mu'azu ya shafa sitiyarin da tafin hannu. Hannun ya rame, zoben azurfarsa har juyawa yake yi a yatsa.

"Kashe," ya ce.

Lambar ta yi tsalle zuwa talatin da biyu ta tsaya. Tirelar ta hau titi tana tafiya kamar an zuba mata mai. Mu'azu ya sa sigina kafin ya fita, ya tsaya a jar danja, ya bar wata ƙaramar mota ta wuce. Allon gudunsa bai taɓa haura tamanin ba. Sai dai duk kwanar da zai shiga, sai idonsa ya kai gefe, inda madubin ya koma wani farin faifai mai toka-toka, sannan ya dawo.

Abin ya taɓa Murtala. Shi ya sa bakinsa ya riga tunaninsa.

"Akwai wani katin hoto, abin da ke zana wa kwamfuta hoto, da na ciro daga wata kwamfuta da ta ƙone. Katin lafiyarsa lau. In na sa maka shi, madubi da inuwa da ruwan sama duk za su dawo, kuma ba za ta riƙe ba. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu."

"Har da ruwan sama?"

"Har waifa sai ka kunna."

Da zai fita, Zahra'u matar Mu'azu ta tare shi a zaure, ta rage murya.

"Malam Murtala, zazzaɓin nan yau kwana biyar. Gyambon bayansa ya fara wari, ka ji ai. A asibiti sun ce sai an kwantar da shi."

"Alhaji fa?"

"Jiya ya ɗauki wayata. Ya ce yana Abuja, wai mutumin da ke iya wasan yara daga safe zuwa yamma ai jikinsa da sauƙi."

Murtala ya san labarin motar, domin Mu'azu ya taɓa ba shi, sau ɗaya tak, idonsa a kan allo. Sau uku ya ce wa yayan nasa birkin nan iska yake zubarwa. Na ukun Alhaji ya ce masa kayan mutane ba sa jira, ya je ya dawo sai a gyara.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani mutum ya faka mota a ƙofar shagon. Ya ce yana haɗa wa kansa kwamfutar gem, an ce masa a nan ake samun kaya na hannu masu kyau. Idonsa ya faɗa kan katin da ke bisa kanta. Murtala ya ce ba na sayarwa ba ne. Mutumin ya yi murmushi ya taya. Murtala ya sake cewa a'a, amma da sanyin murya. Mutumin ya ƙara. Sati biyu ke nan shagon bai ga ciniki mai kauri ba. Murtala ya naɗe katin a jarida ya miƙa masa, yana faɗa wa zuciyarsa cewa irinsa ba ya wuya a Fam Santa, wani satin zai samo wani.

Asabar da hantsi ya shiga gidan hannu rabbana. Ya tarar Mu'azu ba ya kan keke. Yana kwance a gefe ɗaya, an jingina masa filo uku, an jawo teburin kwamfutar har bakin katifa. Leɓɓansa sun bushe sun tsattsage.

"Direba, katin nan na gwada shi jiya. Ya ƙi tashi. Ashe wutar da ta ƙone kwamfutar ta taɓa shi."

"Allah sarki," in ji Mu'azu. Ya ɗan numfasa. "Mutumin dai ya saya da daraja ko?"

Murtala ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a fuska.

"Katangar nan bulo ɗaya ce, Injiniya. Ko tsaki ka yi ina ji." Babu faɗa a muryarsa, kuma wannan ya fi ciwo. "Kana da iyali. Ba kai ne ka fara ce min je ka dawo ba. Zo ka mayar min da madubina."

"Za ta riƙe."

"Ta riƙe."

Murtala ya shiga setin ya kunna madubin biyu. Da yake zafin ranar ya fi na kullum, lambar ta zube har zuwa sha uku. Hoton ya riƙa tafiya yana tsayawa, yana tsalle, kamar mai ɗingishi. Mu'azu ya ɗora sitiyarin a kan filo, ya tuƙa a haka, a hankali, yana lissafa inda motar za ta kasance kafin hoton ya iso. Kilomita goma sha ɗaya suka rage masa ya kai kaya wani kamfanin katako. Ya ɗauki kusan rabin awa. Da ya isa, wurin fakin ɗin matsattse ne, sai an shiga da baya. Ya dubi madubin dama, ya dubi na hagu, ya karya kan motar, ya saki, ya sake karyawa. Gumi na bin wuyansa. Bodin ya shige tsakanin layukan nan biyu tsaf, bai taɓa komai ba.

"Shiga ɗaya," ya ce, ya saki sitiyarin. "Kashe ta, na gaji."

Litinin Murtala ya rufe shago ya tafi Fam Santa. Rumfa-rumfa ya bi har azahar, bai samu katin da zai shiga tsohuwar kwamfutar ba. Wani ya ce ya dawo Alhamis.

Talata wajen ƙarfe goma na safe, yana cikin kwance wata laftof, ya ji salatin Zahra'u ta katanga. Sau ɗaya ta ɗaga murya, sannan ya ji ta tana kiran sunan mijin ƙasa-ƙasa, kamar mai tashin wanda ya makara. Ya ajiye sukundireba. Ya tashi ya nufi gidan.

Kafin azahar an yi masa wanka, an sallace shi a ƙofar gida, an kai shi maƙabartar Tarauni. Alhaji Inuwa ya iso ana daidaita sahu, cikin farar shadda da ƙamshin turare. Ashe yana gari. Da aka dawo, shi ya zauna a tsakiyar tabarma yana karɓar gaisuwa, yana share ido da hankici.

"Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya," yake faɗa wa mutanen da ke gefensa. "Babu abin da ban yi ba. Amma Mu'azu da gudu! Na sha gaya masa, mota ba jirgi ba ce. Ƙaddara ta riga fata."

Mutane suka gyaɗa kai. Murtala yana can ƙarshen tabarma, ƙasar kabari ba ta gama fita daga farcensa ba.

"Birki ne, Alhaji," ya ce.

Kawuna suka juyo gare shi.

"Sau uku ya gaya maka birki ne."

Malam Garba, limamin unguwa, ya ɗaga hannu. "Murtala, nan ba wurin wannan ba ne. Mamaci addu'a yake buƙata. A yi salati."

Aka yi salati. Maganar ta nutse a cikinsa kamar ba a yi ta ba. Da aka shafa, Alhaji Inuwa ya juyo ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mai shagon nan ko? Kai ka haɗa masa abin wasan da ya hana shi kula da lafiyarsa. In an share makoki ka zo ka kwashe tarkacenka, ɗakin za a gyara a sa haya."

Murtala ya buɗe baki, sai ya tuna jaridar da ya naɗe katin a ciki, da yadda ya ninke bakinta da kyau don kar ya faɗo. Ya rufe bakin. Ya tashi ya nemi takalmansa a cikin tarin takalma.

Bai buɗe shagon ba. Ya zauna a dakalin ƙofarsa, rana na dukan gwiwoyinsa. Ruwan da aka yi wa Mu'azu wanka da shi ya biyo ta ƙarƙashin ƙofar gidan ya kwanta a kwatar da ta ratsa gaban shagon, da sauran kumfar sabulu a kansa. Gefe-gefensa ya fara bushewa. Wata kaza ta zo ta tsoma baki, ta ɗaga kai sama ta haɗiye, ta sake tsomawa.