Saƙo na Biyu

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a hukumar ruwa, amma a layinsu Likita ake ce mata, ta gaji da gyarawa ta bari. Wayar mahaifiyarta tsohuwa ce, ba ta iya sauke dogon saƙon murya, don haka kullum gutsi-gutsi take aika mata magana.

Da safen nan ma haka ta yi, bayan ta ga sakamako. Saƙo na farko: "Mama, na gwada ruwan tsohuwar rijiyar bayan layi." Na biyu: "Kada kowa ya sha, cike yake da ƙwayoyin cuta, yaro zai iya mutuwa." Ta ajiye waya ta ci gaba da aiki, hankali kwance.

Wajen ƙarfe goma sha biyu abokin aikinta ya miƙo mata wayarsa, fuskarsa ba walwala.

"Wannan ba muryarki ba ce?"

Muryarta ce, saƙo na biyu shi kaɗai. Wani gwani ya ɗora rubutu a sama: likita ta tona asirin ruwan famfo. In mutane suka guji famfo, ina za su nufa? Ga 'yarta mai shekara biyu tana wajen Mama. Ta kira Mama sau huɗu, ba a ɗauka ba. Ko farar rigar aiki ba ta tsaya cirewa ba, ta nufi gida.

Tun daga bakin layi ta hango jarkoki jere har gindin rijiyar da aka yi shekaru ba a waiwaya ba.

"Ku tsaya! Wannan ne mai cutar! Na famfo lafiyarsa ƙalau!"

Tela maƙwabcinsu ya dubi tambarin hukuma a rigarta ya taɓe baki.

"Dama me za ki ce? Su ke biyan ki."

"Baba, ni na yi maganar nan!"

"Ke? Babbar likita ce daga waje. Saurara ki ji."

Ya danna wayarsa, muryarta ta tashi, kowa ya yi tsit yana gyaɗa kai. Ita da ke tsaye a gabansu, ko kallo ba ta ishe su ba. Ta ruga gida.

Mama na zaune a tsakar gida, ta ɗaure kan famfo da tsumma tamau, ga jarkar ruwan rijiya a gefenta.

"Saƙo nawa kika ji, Mama?"

"Ɗaya. Na saman sai juyawa yake yi, ya ƙi buɗewa. Na tura wa maƙwabta, tela ya ce ai famfo kike nufi. Kwantar da hankalinki, tun safe ban bari ta kusanci famfo ba."

Yarinyar ta taho da gudu ta rungume ƙafarta. Gaban rigarta a jiƙe yake, tana riƙe da kofi, saura kaɗan a ciki.