Jinin Ɗan Wanzami

Tun da Rilwanu ya dawo daga Yamai ƙirjinsa ke ƙara. Ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon hannu. In ɗaki ya yi tsit, har matarsa Hamdiya tana jiyowa daga bakin ƙofa. Ciwon gaɓoɓin da ya yi yana yaro ne ya cinye masa ƙofa ɗaya ta zuciya, aka tsaga ƙirjin aka sa ta ƙarfe. Ranar sallama daga asibiti lokotoro ya kama hannunsa ya ja masa kunne: ƙwayar tsinka jini kullum har ƙarshen rai, don kada jini ya daskare a kan ƙarfen. Kuma kada ya yarda ko reza ta taɓa shi, don jininsa ba ya tsayawa kamar na mutane.

To, ka ji fa! Mutumin da aka ce kada reza ta taɓa shi, ɗan farin Sanda wanzami ne, wanda rabin mazan Gangara ke ɗauke da tsagarsa a baya.

Sanda bai taɓa kiran sunan Rilwanu ba, kunyar ɗan fari. Sai dai "kai" ko "yaron nan". Shi kuma Rilwanu, da gemunsa da 'ya'yansa, bai taɓa ɗaga ido ya dubi tsohon ba, balle ya musa masa. Abin da ke cin Sanda a rai, kowa a gidan ya sani: wani baƙo can ya sa wuƙa a jikin ɗansa, shi yana nan da zabirarsa a rataye. Duk sanda ya ga tabon nan da ya sauka daga wuya zuwa ciki sai ya yi tsaki ya kau da kai.

Gidan ya zame wa Rilwanu kurkuku. Ba aska, ba gona, ba kasuwa. Yana zaune a inuwar bedi yana kallon ƙannensa suna fita da zabira, yana sauraren ƙirjinsa. Ga shi an daɗe bai je Maraɗi awon jini ba, kwanan nan ko asuwaki ya yi sai ya tofar da ja. Abin na ba shi tsoro ƙwarai, amma bai faɗa wa kowa ba.

Da bazara ta kama, zafi ya yi zafi, Sanda ya shimfiɗa tabarmi a zaure kamar yadda yake yi kowace shekara. Kafin ruwa ya sauka sai ya yi wa mazan gidan ƙaho, a fidda mataccen jini, a shiga damina da jiki sakayau. Maƙwabta ma sun cika zauren. Aka yi wa ƙanne, aka yi wa baƙi, sannan tsohon ya dubi wajen da Rilwanu ke rakuɓe.

"Kai, tuɓe rigar."

"Baba, lokotoro ya ce..."

"Ya ce mi? Ka dubi yadda kake tafiya kamar mai jego. Jinin aikin nan ne ya kwanta maka a baya, shi ke ta ƙara a ciki. Sun tsaga sun ɗinke, ba su kwashe ba."

Wani maƙwabci ya yi dariya. "Ɗan wanzami da tsoron aska? Yau mun ga abu!"

Hamdiya tana bayan zana, tana ji. Ta san komi, da ita aka yi jinyar Yamai. Amma ina surukuwa za ta ɗaga murya a zauren maza? Ta yi gyaran murya har sau biyu, ba wanda ya kula.

Rilwanu ya dubi ƙofa, mutane sun tare ta. In ya ce a'a, ya ƙaryata ubansa a gaban waɗanda ke cewa hannun Sanda bai taɓa ɓaci ba. In ya yi shiru, ya san abin da ke jiransa. Ya tuɓe rigar ya ba da baya.

Sanda ya kafa ƙahoni, ya tsotsa, fata ta taso. Ya cire, ya bi wurin da aska tsaf-tsaf, ya mayar ya sake tsotsa. Hannun tsohon ko rawa ba ya yi. Da ya ɗaga ƙahon farko sai ya tsaya. Ya saba ganin gudan jini baƙi ya faɗo a ƙasa. Wannan kuwa ja ne, tsararo kamar ruwan zoɓo, yana bin bayan har cikin wando.

Ya goge, jinin ya sake fitowa. Ya barbaɗa garin da ya gada wurin ubansa, jini ya wanke garin. Ya yi tofi, ya danna toka. Ina! Mai dariyar nan ya sulale waje. Tabarma ta jiƙe, Rilwanu ya fara ganin bango na juyawa.

Sai ga Hamdiya ta faɗo zauren, ko mayafi babu. "Baba, ƙwayar da yake sha ce! Ba ya tsayawa! A kai shi asibitin Gazawa!"

Aka kawo moto mai ƙafa biyu. Aka ɗora Rilwanu bayan ƙanensa, Sanda ya hau can ƙarshe, ya danna rawaninsa a kan tsagar da hannu ɗaya, ɗayan ya zagayo ya tallafe ƙirjin. Nan ne karon farko da ya taɓa tabon. Ƙarfen na bugawa a tafinsa, da sauri, da sauri. Moto na tsalle cikin rairayi, rawani na ƙara nauyi.

"Kai, ka sani?" in ji tsohon a kunnensa. "Ka san haka za a yi?"

"Na sani, Baba."

"To mi ya hana ka ce mini a'a?"

"Ban iya ba, Baba. Ba ka koya mini ba."

Kan Rilwanu ya langaɓe a kafaɗar ƙanen. Gazawa ba ta ko bayyana ba tukuna. Sanda ya ƙara matse shi, ya buɗe baki a tsakiyar daji ya kwarara kira, abin da bai taɓa yi ba tun ranar suna.

"Rilwanu! Rilwanu, kada ka yi barci!"