Ƙoƙon Kai a Kan Akwatin Chindo

Aikin Chindo a buron gona, wato ofishin noma na Konni, manna takarda ne, amma in ka ji bakinsa sai ka rantse shi ya kafa dokar wurin. Duk gwangwanin maganin ƙwari da za a ɗora wa kamyo, babbar motar kaya, sai ya liƙa masa hoton ƙoƙon kai a gefe, inda kowa zai gani. Har garin Alela ya je da tabarau, ya tara mutane, ya gaya musu da rabin Faransanci: abin da ke ɗauke da wannan hoto ba a buɗewa, in an tsince shi a binne.

Da Salla ta matso ya cika akwati da atamfa don surukansa na Alela. Kada 'yan dako su jefa masa kaya kamar na kowa, sai ya manna hoton, ya aika.

Ran Salla ya iso yana baza riga, yana jiran godiya.

Shatu, ƙanwar matarsa, ta tarbe shi. "Yaya, saƙonka ya iso. Yadda ka koya muna haka munka yi. Rami mai zurfi bayan gari, munka binne shi, munka zuba ruwa, munka daddaɓe."

Chindo ya cire tabarau, ya tambayi gidan da ake aron shebur.